Kafin Kifi Sai Rami: Yadda Masuntan Ƙanƙara Ke Zaɓen Injin Huda

A ƙarshen watan Janairu ko farkon Fabrairu, ana jajibirin gasar kamun kifi ta garin Brainerd da ke jihar Minnesota a Amurka, 'yan sa-kai kan bazu a kan tafkin Gull, kowa saɓe da inji a kafaɗa. A lokacin tafkin ya daɗe da daskarewa, ya zama fili fetal, ana taka shi da ƙafa, ana shiga da mota. Aikinsu guda ne, huda. Sai sun ɓula ramuka wajen 20,000 a jikin ƙanƙarar, saboda washegari mutum fiye da 10,000 za su cika wurin, kowa ya zaɓi raminsa, ya kife bokiti ya zauna, ya zura ƙugiya. Tun 1991 ake wannan gasa. Awa uku kacal ake yi, kuma wanda kifinsa ya fi na kowa nauyi kan koma gida da sabuwar motar a-kori-kura.

Mai kallo daga nesa zai zaci kifin ne abin hira a tsakanin waɗannan mutane. Amma a shagunan kayan su na Minnesota da Wisconsin, da na lardin Manitoba a Kanada, musun da ba ya ƙarewa na injin huda ne. Wanne ya fi sauri, wanne ke tashi da ja ɗaya cikin jaura, wanne ya taɓa cin amanar mai shi a tsakiyar tafki. Ba abin mamaki ba ne. Kifin yana nan ƙasa da ransa, domin ruwa ya fi nauyi a digiri 4 na ma'aunin Salshiyas, sai ya kwanta a ƙasan tafki, ƙanƙara kuma ta taru a sama ta zama murfi. Tsakanin masunci da abincinsa akwai wannan murfi, wanda wani lokaci kaurinsa ya kai ƙugun mutum.

Nauyin rami guda

Ramin da aka fi yi faɗinsa inci 8 ne, kusan santimita 20. A tsakiyar hunturu kaurin ƙanƙara a arewacin Minnesota kan kai ƙafa 2, wato santimita 60. In aka buga lissafi, ƙanƙarar da za a kankaro daga irin wannan rami guda ta kai kilo 17 zuwa 18. Wanda ya yi ramuka 30 a yini ya fitar da fiye da rabin tan, sanye da riguna hawa-hawa, yatsu sun sandare cikin safar hannu.

Mutanen Ojibwe, 'yan asalin yankin, sara suke yi. Su fasa ƙanƙarar, mutum ya kwanta rub da ciki a bakin rami, ya lulluɓa da fata ko bargo don ya tare haske, ya riƙa kaɗa ɗan kifin katako a cikin ruwa har babban kifi ya taso, ya soke shi da mashi. Rami ɗaya ya isa yini. Daga baya mahujin hannu ya yaɗu, musamman ƙirar garin Mora na ƙasar Suwidin, garin da ya yi suna wajen ƙira wuƙa: doguwar sanda mai murɗaɗɗen ƙarfe, wuƙaƙe biyu a ƙasa, mariƙi a sama ana juyawa. A 1951 ne Marvin Feldmann na jihar Wisconsin ya fito da wanda ke da injin fetur a ka, ya sa masa suna Jiffy, sunan da har yau yake kasuwa.

Injin ya sauƙaƙa aiki, amma abin da ya mayar da shi dole shi ne sauyin salon su. A wajejen 1980 wani ɗan Minnesota mai suna Dave Genz ya ƙera ƙaramin tanti da ake ja a kan ƙanƙara, a kife shi a kai cikin ƙiftawar ido, ya kuma nuna wa jama'a amfani da na'urar da ke aika sauti cikin ruwa ta nuna ko akwai kifi a ƙarƙashin rami. Tunda za ka iya sanin babu komai a nan cikin minti biyu, me zai zaunar da kai? Ka tashi, ka matsa gaba, ka sake hudawa. Daga nan masunci ya bar zama mai jira, ya koma mai bin sawu, kuma ramuka biyu suka koma 40 ko 50, duk da cewa dokar Minnesota ƙugiya biyu kawai ta yarda mutum ya zura a lokaci guda.

Faɗin baki tukuna

Sabon shiga kan tafi shago yana tambayar ƙarfin inji. Tsofaffin hannu kuwa tambayar farko da suke yi masa ita ce: wane kifi kake nema? Amsar ita ke yanke faɗin rami, faɗin rami kuma shi ke yanke kusan komai da ya biyo baya.

Ana sayar da inci 6, da 8, da 10. A ido bambancin kaɗan ne, a hannu kuwa ba haka ba. Ramin inci 8 ya ɗara na inci 6 yawan ƙanƙarar da za a cire da kusan kashi 78 cikin 100. Na inci 10 ya ɗara na 8 da kashi 56, ya kuma kusa ninka na 6 sau uku. Duk wannan ƙari daga wani wuri zai fito, ko daga batir, ko daga tankin mai, ko daga kafaɗar mai riƙewa.

Mai neman ƙananan kifaye irin su bluegill da crappie da perch, waɗanda ba su cika wuce tafin hannu da yawa ba, inci 6 ya wadace shi. Mai neman walleye, kifin da 'yan Minnesota suka ɗauka tamkar tutar jiharsu, inci 8 ne nasa, kuma da shi ake fito da manya-manya ba tare da matsala ba. Inci 10 na masu farautar pike ne, wani dogon kifi mai haƙora, da manyan trout na tafkuna masu zurfi. Wahalar babban kifi ba shigarsa ramin ba ce kaɗai, juyo da kansa ya fuskanci sama a ƙasan ramin ita ce aiki, kuma idan ƙanƙara ta yi kauri ramin kan zama kamar dogon bututu. Akwai wani dalilin: in sanyi ya tsananta rami kan riƙa tsukewa daga gefe, wanda aka huda da hantsi a inci 8 kafin magariba ya ragu. Masu kwana a kan tafki shi ya sa suke son 10.

Sai dai babban rami yana cin kaya. Waya, fitila, makullin mota, duk sun sha tafiya ta nan, kuma ƙafar yaro kan zurma har cinya. Wasu jihohi sun sa doka a kai: Pennsylvania ta kayyade inci 10, Wisconsin inci 12, in ban da masu sukar kifin sturgeon da mashi a tafkin Winnebago cikin Fabrairu, waɗanda su da zarto mai inji suke yanko ƙanƙara kamar ƙofar ɗaki. A ganina, wanda inji ɗaya zai saya, kuma bai riga ya san takamaiman abin da zai kai shi ga 10 ba, ya tsaya a 8.

Fetur, gas, batir

Shekara wajen sittin fetur ne sarki. Duk wanda ya taɓa mallakar ƙaramin janaretan nan da ake gauraya wa fetur da baƙin mai ya san halin wannan inji ciki da bai, domin jininsu ɗaya. A ja igiya, a ja cok, a sake ja, ya yi tari ya mutu. A kwance fulogi a goge. In an ajiye shi watanni da mai a ciki, kafireta ta toshe. Injin huda kuwa wata takwas ko tara yake yi a rataye a gareji duk shekara, ga shi mafi yawan fetur ɗin Amurka an gauraya shi da kashi 10 na sinadarin itanol, wanda ke jan danshi ya lalata ƙananan bututun roba. Gaurayen ma sai an kiyaye: tsofaffin injina kan so ma'auni 24 na fetur a kan ɗaya na baƙin mai, sababbi 40 ko 50. Ga ƙara, ga hayaƙi, ga warin mai da ke bin safar hannu har ya kai ga abincin ƙugiya. Nauyinsa kan kai kilo 12 zuwa 16.

Duk da haka da tsohuwar zuma ake magani. Injin fetur da aka kula da shi yakan yi shekara 20 ko 30, uba ya bar wa ɗa, kuma duk bakaniken da ya iya gyaran injin yankan ciyawa zai iya gyara shi. Muddin akwai jarka, akwai rami. Wanda zai hau babur ɗin dusar ƙanƙara ya nausa dajin arewacin Ontario ya yi kwanaki inda babu soket, har yau yana da hujjar riƙe fetur, kuma ba na ganin batir zai ƙwace wannan fage nan kusa.

Inji mai amfani da gas ya shigo a farkon shekarun 2010, ana ɗaura masa 'yar tukunyar gas da ba ta kai rabin kilo ba. Ya raba mutane da gaurayen mai da toshewar kafireta, hayaƙinsa ma da sauƙi. Amma bai rage nauyi ba, kuma gas ɗin yana da iyaka: a digiri 42 ƙasa da sifili ba ya ma zama iska, tun kafin a kai nan kuwa ƙarfin fitarsa ke raguwa, sai ka ga mutum ya cusa tukunya cikin riga yana ɗumama ta. Ya zo ne a makare, domin batir na biye da shi a guje.

A daidai wannan lokaci ne kamfanin Ardisam na garin Cumberland a Wisconsin, mai injinan Eskimo, ya fito da ION, mai batirin litiyam na bolt 40. Da farko 'yan fetur sun yi masa dariya, sun ce abin wasan yara ne. Yau in ka shiga shagon kayan su a Minnesota, masu batir ne suka cika kanta, na ION da StrikeMaster da Eskimo da shi kansa Jiffy, na fetur kuma sai ka duba lungu. Danna maɓalli kawai ake yi. Babu ja, babu hayaƙi, ƙarar ba ta hana hira. Nauyi ya sauko zuwa kilo 8 ko 10, wasu ma ƙasa da haka tunda aka soma yin murɗaɗɗen jikin da roba mai ƙarfi maimakon ƙarfe. Yawancinsu suna juyawa da baya, saboda haka bayan an huda sai a danna, ya tura garin ƙanƙarar ƙasa cikin ruwa, ba sai an tsaya kwashewa da ludayi ba.

Kamfanoni na tallar batir da jimillar incin ƙanƙarar da zai huda a caji ɗaya, daga 1,000 har zuwa 2,000. Mai saye ya raba wannan lamba da kaurin ƙanƙarar tafkinsa. Inci 1,000 a ƙanƙara mai ƙafa 2 ramuka 41 ne. A mai inci 40 kuwa 25 ne kawai. Kuma wannan lissafin na sabon batir ne mai ɗumi, da sabuwar wuƙa, a ƙanƙara mai tsabta. A kan tafki ba a cika samun ukun a haɗe ba, don haka mai hankali yakan zaftare wani abu daga abin da aka rubuta a kwali.

Sanyi shi ne abokin gabar litiyam, kuma Minnesota ba ta wasa da sanyi: a garin Tower an taɓa auna digiri 51 ƙasa da sifili a watan Fabrairun 1996. Batirin da aka bari kwance a kan ƙanƙara awa biyu zai nuna kamar ya ƙare alhali da sauran wuta a cikinsa, in aka ɗumama shi sai ya farfaɗo. Shi ya sa za ka ga masunci ya gama huda ya zare batir, ya sa a aljihun ciki kusa da ƙirji, ko a jaka mai soso tare da ɗan ƙunshin nan da ake ɗumama hannu da shi. Abin da ke kashe batir har abada shi ne a jona shi a caji yana daskare, ƙasa da sifili. Sai an kai shi ɗaki ya huce daga sanyin tukuna. Batir na biyu yana da tsada, amma wanda ya taɓa tafiyar awa uku a mota ya tarar nasa ya mutu a rami na goma ba ya sake ciniki a kansa.

Injin kafinta a kan tafki

Hanya ta huɗu ita ce ta fi burge ni, don ta fito ne daga dabarar masuntan kansu kafin kamfanoni su karɓe ta. Mutane da yawa suna da injin huda katako mai batir a gida. Sai suka soma cire mariƙin mahujin hannu suna ɗaura sandar a bakin injin. Yanzu ana ƙera sanduna musamman don haka, irin su K-Drill, da Pistol Bit na Eskimo, da Lite-Flite na StrikeMaster, masu nauyin wajen kilo 2. Har da injin da batir duka ba su wuce kilo 5 ko 6 ba. Kafinta ko magini da ya riga ya tara batura don aikinsa, kuɗin sanda kawai zai biya, kaso kaɗan daga dala 500 ko fiye da cikakken inji mai batir kan ci. In hunturu ya wuce kuma injin ya koma aikinsa na gina gida.

Amma ba kowane injin kafinta ba. Ana buƙatar mai bolt 18 ko 20, marar burushi, mai bakin rabin inci, da ƙarfin murɗawa sosai, da batir babba. Ƙaramin da ake ɗaura ƙusar labule da shi zai yi hayaƙi a rami na uku. A sa shi a giya ta ɗaya, a kashe bugun da ake fasa kankare da shi. Kuma kada a raina mariƙin gefe. A daidai lokacin da wuƙa za ta ɓulla ƙasan ƙanƙara takan cije, sandar ta tsaya cak, duk ƙarfin injin ya dawo kan wuyan hannu. Gurɗewa ta nan take zuwa. Kamfanin Clam ya ƙera faranti mai mariƙi biyu da ake ɗaure injin a kai saboda wannan.

Sai abin takaicin da ya zama abin ba'a a tsakaninsu: bakin injin ya saki, sandar ta sulale cikin ramin da ita kanta ta huda, mai ita na tsaye riƙe da kan inji yana kallon kumfa. Shi ya sa ake maƙala wa sandar faifai da ya fi ramin faɗi, K-Drill kuma aka sa masa soso mai hana nutsewa. A inci 6, har ma da 8, wannan haɗin ya isa yawancin mutane. A inci 10 da ƙanƙara mai kauri ya soma neman wuce ƙarfinsa.

Inda aikin yake

Ana ta musu a kan abin da ke sama, alhali abin da ke taɓa ƙanƙara 'yan wuƙaƙe ne da ba su fi tsawon yatsa ba. Injin dala 600 mai dakusasshiyar wuƙa zai riƙa zagaye a kan ƙanƙara yana goge ta kamar madubi, yaro da mahujin hannu mai kaifi ya riga shi ganin ruwa.

Wuƙaƙen iri biyu ne manya. Akwai mai haƙora, wadda ke ɓantarar ƙanƙara gutsure-gutsure. Ba ta da sauri, tana jijjiga hannu, tana cin batir, amma tana da juriya, kuma mutum kan iya wasa ta da kansa a gida. Akwai kuma mai aski, miƙaƙƙiya ko lanƙwasasshiya, wadda ke feƙe ƙanƙara siriri-siriri. In sabuwa ce ba a danna ta, nauyin injin kaɗai ya isa, sai ka ga gari fari tas yana tasowa ta murɗen yana zuba a kan takalmi, sautin ya sauya, ruwa baƙi ƙirin ya bulbulo. Wuƙaƙen Mora, waɗanda StrikeMaster ya daɗe yana amfani da su, da na Nils na ƙasar Finlan, a nan suka yi suna. Kamfanin Rapala na Finlan ya saye StrikeMaster da sunan Mora na kayan ƙanƙara a 2012.

Raunin mai aski yashi ne. Ƙanƙara ba ko'ina take da tsabta ba. Iska na kwaso ƙura daga gonaki ta zuba a kan tafki, kogi na ɗauke da laka, motocin da ke shiga tafki na zubar da yashi da gishirin da aka watsa a kan titi. Rami ɗaya a irin wannan wuri ya isa ya kashe kaifin. Haka in aka huda kusa da gaɓa wuƙar ta taɓa ƙasa, ko ta ci karo da guntun katako da wani ya bari ya daskare. Lanƙwasasshiyar kuma ba ta wasuwa a hannun kowa, domin kusurwarta in ta goce ko kaɗan ta daina ci, sai dai a saya sabuwa ko a aika wa masu sana'ar. Da yawa suna lalata tasu da kansu: ƙanƙara ta daskare a bakin, su ɗaga injin su buga da ƙasa don ta faɗo, kusurwar ta tafi. Wanda ya san darajar kayansa yana mayar da murfin wuƙa bayan kowace huda, yana kuma yawo da wasu wuƙaƙen da makullin kwance su a aljihu. Murfin ba don wuƙar kawai ba ne. Takan yanka wando, da kujerar mota, da ƙafar kare.

Akwai wurin da mai haƙora ba ta da kishiya: sake buɗe tsohon rami. A tafkin Mille Lacs da Lake of the Woods ana jan gidaje masu taya a ajiye a kan ƙanƙara, da gado da murhu da talabijin, da ƙofofin ramuka a daɓen ƙasa. Gidan kan yi makonni a wuri guda, mai shi ya zo duk ƙarshen mako ya tarar ramukan sun toshe. Tsohon rami gefensa a karkace yake, mai aski takan cije a ciki ta fizge hannu, mai haƙora kuwa sai ta ci abinta. Ga mai irin wannan gida zancen fetur ma bai taso ba. Tayar da inji mai hayaƙi a rufaffen ɗaki na tara iskar gubar nan marar wari, wadda ke halaka masu kwana da janareta a ɗaka. Batir da wuƙa mai haƙora, shi ke nan zaɓinsa.

Tsawon sanda

Wannan ne abin da baƙo ya fi mantawa. Sandar da ake sayar da inji da ita ba ta cika wuce mita ɗaya ba. A kudancin Wisconsin ba za ta taɓa gazawa ba. A tafkin Winnipeg cikin watan Maris, lokacin da Amurkawa ke tururuwa neman manyan walleye masu koren baya, ƙanƙara kan wuce ƙafa 3, wata shekarar ta doshi 4. Mutum ya huda har mariƙin injin ya taɓa ƙanƙara, yana durƙushe, ruwa bai fito ba. Ana sayar da ƙarin sanda na inci 12 zuwa 24, wasu injinan ma da shi suke zuwa, amma na wani kamfani ba lallai ya shiga na wani ba. A doguwar huda irin wannan sai an riƙa ɗago injin ana zubar da gari, in ba haka ba ya cunkushe ya danne sandar a ciki.

Ba kuma kowa ne ya yarda inji dole ne ba. A Finlan, inda doka ta bar kowa ya yi sun ƙanƙara ba tare da lasisi ba, da Rasha, inda dubban mutane ke fita kan mashigin ruwan da ke gaban birnin Saint Petersburg, mahujin hannu mai ƙaramin baki na nan daram, domin ƙananan kifaye aka fi nema, kuma da ƙafa ake tafiya. Juya shi ma wata hanya ce ta korar sanyi.

Ƙanƙarar farko

Shekarun nan hunturu na zuwa a makare a yankin manyan tafkuna, kuma hakan ya shiga lissafin mai saye. Tafkin Upper Red a arewacin Minnesota ba shi da zurfi, yana saurin daskarewa, shi ya sa masu ɗoki ke fara cika shi. A ƙarshen Nuwamban 2022 wani makeken ɓangare na ƙanƙararsa ya ɓalle daga gaɓa da mutum wajen 200 a kai, sai da aka kafa gada ta wucin gadi aka tsallako da su. A ƙarshen Disamban 2023 aka sake ceto mutum 122 a tafkin.

Hukumar kula da albarkatun ƙasa ta Minnesota ba ta taɓa cewa ga ƙanƙara mai cikakken aminci ba. Abin da take bayarwa ƙiyasi ne: ƙasa da inci 4 kada a hau, inci 4 na sabuwar ƙanƙara garai-garai na ɗaukar mai tafiya da ƙafa, 5 zuwa 7 babur ɗin dusar ƙanƙara, babbar mota kuwa sai an wuce ƙafa guda. Farar ƙanƙara, wadda ta samu daga jiƙaƙƙiyar dusa, ƙarfinta rabi ne, sai a ninka lambobin. Kuma kaurin ba ɗaya ba ne ko'ina, maɓuɓɓuga a ƙasa ko ruwa mai gudu kan cinye ta daga ciki ba a gani.

A irin wannan lokaci injin kilo 15 kaya ne kawai. Inci 5 na ƙanƙara mahujin hannu mai kaifi na huda shi kafin a gama gaisawa, haɗin injin kafinta ma ya fi ƙarfinsa. Abin da ke gaba a hannun masu fita a makon farko shi ne doguwar sandar ƙarfe mai kaifi a baki, jikar abin saran mutanen Ojibwe, suna tafe suna caka ta gabansu. In ta ɓula da bugu ɗaya ko biyu, a juya ta inda aka fito. A wuya kuma akwai ƙusoshi biyu masu mariƙi haɗe da igiya, waɗanda mutum zai kafa a ƙanƙara ya jawo kansa in ya rufta. Hukumar na ba da shawarar a huda a auna da tef aƙalla duk bayan ƙafa 150, kuma a cikin kayan da ta lissafa don wannan aiki har da injin kafinta mai batir da dogon bakin huda katako, wanda ke ratsa inci 8 na ƙanƙara cikin ƙasa da rabin minti.